Iskar da Makau Ya Rage

Rumfar Makau mai faci tana gefen hanyar da ta fita daga Anka ta nufi ƙauyuka, taku kaɗan kafin kwalta ta ƙare a shiga turɓaya. Rumfa ce ta kwano huɗu, da injin iska guda ɗaya, da rabin duro cike da ruwa inda yake tsoma tub don neman huji, sai benci da ya sha zama har ya yi sheƙi. Ya kafa ta a shekarar 1989, yana da shekara talatin da ɗaya, kuma tun daga lokacin bai taɓa matsar da ita ko da ƙafa guda ba.

Ba a Anka aka haife shi ba. Ɗan wata tunga ne a ƙasar Gummi. Mahaifinsa, Namadi, raƙumi gare shi, yana ɗaukar hatsi daga kasuwa zuwa kasuwa, Makau kuwa shi ke riƙe akala tun bai kai tsawon gwiwar raƙumin ba. Da raƙumin ya mutu, mahaifin bai sake sayen wani ba. Sai ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin wani mai gyaran kekuna a Gummi. A nan ya koyi faci, ya tashi daga keke ya koma babur, aure kuma ya kawo shi Anka.

Abin da aka san Makau da shi kunne ne. Ba ya amfani da geji, wato ma'aunin iskar taya. In ya sa wa taya iska, sai ya ɗauki wata tsohuwar sifana ya ƙwanƙwasa ta, ya karkata kai ya saurara. In ta amsa da ƙara mai kaifi, ta cika. In muryarta ta dushe, da saura. Da aka shiga haƙar zinare gadan-gadan, 'yan kabu-kabu suka koma ɗaukar buhunan duwatsu daga ramuka zuwa gidaje, buhu biyu wani lokaci uku a bayan ƙaramin babur. Kowa ya tsaya a rumfar magana ɗaya yake yi: "Baba, cika ta ta yi dutse." Kuma suna da gaskiyarsu, don taya mai laushi in ta ɗauki irin wannan nauyi ta daki dutse, ƙarfen wili ne ke tsinke tub. Saboda haka a Anka taya mai tauri ita ce shaidar an yi maka aiki da zuciya ɗaya. In mai faci yana ganin girmanka, sai ya ƙara maka iska bayan ka ce ya isa.

Waɗannan duwatsun su ne suka kawo ciwon. A shekarar 2010 yara suka fara jijjiga suna mutuwa a ƙauyuka, daga baya aka gano gubar dalma ce da ke cikin ƙurar dutsen da ake niƙawa a tsakar gida. 'Yar Makau, Zulai, tana aure a Sunke. Ɗanta na fari ya rasu cikin kwana uku. Ƙanwarsa Hafsa, mai shekara biyu, ita ma ta kamu, amma ita Allah ya sa an kai ta hannun ma'aikatan lafiya da wuri. Ta yi makonni a kwance, aka sallame ta da sharaɗin za a riƙa kai mata magani har gida, ana kuma ɗibar jininta lokaci-lokaci a ga ko gubar na raguwa.

Don wannan aiki ne wata ƙungiyar agaji ta kawo manyan babura huɗu, dogaye, waɗanda gajeren mutum sai ya yi ɗage kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Tayoyinsu haƙora gare su manya-manya. Aka ɗauki direbobi huɗu, aka raba musu hanyoyi. Hanyar Sunke ta faɗo wa Tasi'u, tsohon ɗan kabu-kabu mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, wanda ya shekara goma sha biyu a kan babur ba a taɓa jin ya zubar da fasinja ba.

Ranar da Makau ya ji cewa Tasi'u ne ke kai wa jikarsa magani, sai ya rasa yadda zai yi ya gode masa. Ba shi da gona babba, ba shi da dabba. Iska yake da ita. Don haka duk safiyar da Tasi'u zai wuce, Makau kan fito bakin hanya ya ɗaga hannu.

"Tsaya in taɓa maka ita."

"Baba, shekaranjiya ka sa mata."

"Ta shekaranjiya ta tahi da shekaranjiya. Kawo nan."

Sai ya sa bakin tiyo a bawul, ya bar injin ya yi ta gurnani, ya ƙwanƙwasa, ya ƙara, ya sake ƙwanƙwasawa, har sai tayar ta amsa kamar an daki ƙarfe. Sannan ya ce, "In ka isa ka gai da matata, ka ce mata kada ta ga ban zo ba ta yi wani miji." Da yamma Tasi'u kan dawo da amsa: Hafsa ta ce ba ta son tsoho mai baƙin hannu.

Ranar 27 ga Janairun 2011 wani kututture ya yanke tayar gaban babur ɗin Tasi'u. Makau yana da wata sabuwar taya da ya ajiye a ƙarƙashin gadonsa, mai zane ƙanana, mai santsi, irin wadda manyan ma'aikata ke so a birni. Ya ɗauko ta ya ɗaura masa, ya ce a riƙe kafin ofishin ƙungiyar ya fito da tasu. Tasi'u ya hau ya zaga kan kwalta, ya dawo yana murmushi. Waccan mai haƙoran kuka take yi a kwalta tana kaɗa masa hannu, wannan kuwa shiru, kamar ana tafiya a kan tabarma. Da tayar ofis ta iso, ya ce a bar ta a sito, bai da bukata.

Kafin a shiga Sunke akwai wani rafi mai faɗi da ke ƙafewa da rani, ya bar yashi mai zurfi, tsawon taku kamar tamanin. Ranar Talata 8 ga Fabrairu Tasi'u ya faɗi a cikin yashin nan, ya kuje gwiwa. Ranar 1 ga Maris ya sake faɗuwa, madubi ya karye. Ranar 22 ga Maris, yana dawowa da kula a ɗaure a baya, kan babur ɗin ya ƙwace masa, ya kifa. Murfin kular ya ɓalle, kwalaben jinin yara goma sha ɗaya suka tarwatse. Ma'anar haka ita ce sai an koma an sake huda yaran nan goma sha ɗaya da allura, har da Hafsa.

Shugabar ma'aikatan, Sista Zaliha, mace ce mai haƙuri amma ba ta maimaita magana. Ta kira Tasi'u ta ce ba ta zarge shi da ganganci ba, sai dai ba za ta iya ɗora jinin yara a bayan wanda ya faɗi sau uku a wuri ɗaya ba. Ranar Litinin mai zuwa ya kawo makulli, za a nemi wani.

Washegari Laraba Tasi'u ya zo rumfar da ƙafa, ya zauna a ƙarshen benci, ya ba da labari yana kallon ƙasa.

"Ban shina mi ya same ni ba, Baba. Da na shiga yashin nan, sai kan ya fara rawa awa ana ja mini shi. In na riƙe da ƙarhi ya nutse, in na sake ya kwanta. Inna ta ce in je a yi mini rubutu."

Makau ya ba shi haƙuri da irin kalmomin da ake bayarwa. A ransa ya ɗauka ƙila babur ɗin ne ya fi ƙarfin Tasi'u, ko shekaru sun fara taɓa shi. Bai kawo a ransa cewa da hannunsa a ciki ba.

Ranar Alhamis ya rufe rumfa don ya je ya ga Hafsa, tunda an ce tana ta kuka da jin za a sake yi mata allura. Ya roƙi Dabo ya rage masa hanya. Dabo ɗaya ne daga cikin direbobin huɗu, hanyarsa ta bi ta rafin nan ta wuce gaba, kuma Makau ya daɗe yana jin haushinsa, don tun watan Disamba bai tsaya shan iska ba. Kafin ya hau, Makau ya danna tayar baya da babban yatsa, ta lotsa.

"Dabo, wanga abu kake kira taya? Ko katiha ce? Matso in cika ta."

"Baba, na makara. In ta hwashe ai ga mai faci a bayana."

Haka suka tafi, Makau na ƙunƙuni a baya, duk dutsen da suka taka sai ya runtse ido yana jiran ƙarar fashewa. Da suka hango rafin, ya dafa kafaɗar Dabo ya ce a sauke shi ya taka da ƙafa, shi ba yaro ba ne da zai karye ya warke. Dabo bai ko saurare shi ba. Ya rage giya, ya riƙe totur daidai, suka shiga yashin su biyu a kan babur ɗaya, suka fita ɗaya gefen kamar an ja su da igiya. Kan babur ɗin ya ɗan yi lilo sau biyu, shi ke nan.

"Sauke ni nan," in ji Makau.

"Ai ba mu iso ba."

"Na shina. Sauke ni, ka tahi."

Ya koma cikin rafin shi kaɗai. Sawun da suka bari yanzu yana nan, mai faɗi kamar tafin hannu, bai nutse ba, ya miƙe sak. Can gefe, inda shanu ba su tattake ba, ya sami sawun Tasi'u na ranar Talata. Ba ya ɓata masa, don zanen tayar da ya kwana da ita a ƙarƙashin gadonsa ne. Siriri ne, ya yanka yashin da zurfi kamar garma, ya karkata hagu, ya karkata dama, kowace karkata ta fi ta baya faɗi, har ya ƙare a wani rami da fasassun kwalabe ke ƙyalli a ciki.

Yana tsugune a wurin sai ga wani mutum ya biyo rafin da raƙumi ɗauke da kara. Suka gaisa, mutumin ya wuce. Makau ya bi ƙafar raƙumin da kallo. Duk inda ta sauka sai ta baje, ta zauna a saman yashin, in ta tashi ta sake tattaruwa. Ya tuna ranar da mahaifinsa ya sa shi ya riƙe ƙafar nasu raƙumin don a cire masa ƙaya, yadda ya yi mamakin jin tafin da laushi kamar salkar da ba a cika ba. Ya tuna kuma yadda jakunan fatake ke nutsewa har idon sawu a irin wannan wuri, su da kofatonsu ƙanana masu tauri. Shekara arba'in yana da wannan sani a cikin kansa, bai taɓa kai shi rumfa ba.

Ya daɗe a tsugune kafin ya miƙe. Da ya isa gidan Zulai, Hafsa ta ɓuya a bayan uwarta don ta zaci mai allura ne. Da ta gane shi ta fito ta nuna masa hannunta inda aka huda. Ya riƙe hannun, ya kasa yi mata wasan da ya saba. Zulai ta tambaye shi ko lafiya, ya ce rana ce. Da zai tafi ya ce ta ba shi ƙwan kaji goma sha ɗaya, ɗanye. Ta dube shi, ta shiga ta kawo a cikin ƙwarya da dusa.

Da safiyar Juma'a ya sa rigarsa ta zuwa masallaci ya tafi ofis. Bai fara da Sista Zaliha ba. Ya tsaya wurin akawun da ke rubuta fitar babura da dawowarsu da duk gyaran da aka yi musu, ya roƙe shi ya buɗe littafi ya karanta masa shafin Tasi'u. Akawu ya bi layi-layi da bayan biro. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, fita ashirin da uku, ba faɗuwa, sai sau biyu da aka rubuta cewa direba ya ce kan babur na rawa a yashi. Ranar 27 ga Janairu, an sauya tayar gaba a rumfar Makau. Daga nan faɗuwa uku. Shafin Dabo kuwa babu faɗuwa, babu gyara, babu iska tun 14 ga Disamba.

Makau ya yi godiya, ya shiga wurin Sista, ya ƙi kujerar da ta nuna masa.

"Hajiya, na zo ne a kan makullin Tasi'u. Ba shi ya kada babur ɗin ba, ni na kada shi."

"Kana wurin ne, Baba?"

"Ina rumhwata. Daga can na kada shi. Na ba shi tayar kwalta ya shiga yashi da ita, kuma kullum sai na cika ta har ta yi dutse. Da ya tsaya wurin wani mai faci marar kirki, da bai hwaɗi ba."

Sista Zaliha ta ajiye biro. Ta ce ta san jikarsa na cikin yaran da Tasi'u ke yi wa hidima, kuma ta fahimci tausayi, amma kowa a garin nan ya san taya mai tauri ita ce lafiyayya, shi da kansa ya koya wa mutane haka.

"Ni na koya musu, kuma ga mai buhun dutse har gobe haka ne. Tasi'u ba dutse yake ɗauka ba. Ki ba ni gobe kawai. In ya hwaɗi, ki karɓi makulli, ki kuma daina aiko mini da baburanku."

Ta ce ta ji, amma da idonta za ta gani.

Ranar Asabar da hantsi suka hallara a bakin rafin: Sista Zaliha a bayan Dabo, Makau a bayan Tasi'u da famfon hannu a rataye da ƙwaryar ƙwai a cinya. Tun da asuba ya riga ya cire tayarsa mai santsi, ya mayar da mai haƙora da aka fito da ita daga sito. Ya jera ƙwan nan goma sha ɗaya a cikin kula, a ramukan da kwalabe ke zama, ya ɗaure. Sannan ya durƙusa gaban tayar gaba, ya sa tsinken ashana a bawul. Iska ta fara fita da shewa.

"Baba, ya isa," in ji Tasi'u.

"Bai isa ba."

"Wallahi za ka kashe mini tub. Wa ya taɓa ganin mai faci na zubar da iska?"

"Tawa ce, ni na zuba ta. Yi shiru."

Ya danna da yatsa, ya ƙara ragewa, ya koma ta baya ya yi mata haka. Dabo ya ce ashe shi malami ne bai sani ba, wata uku yana koyar da darasi ba wanda ya gaishe shi. Makau ya ce masa lalaci ne ya yi masa rana, kada ya saba.

Tasi'u ya hau. Ana ganin yadda ya ƙanƙame kan babur ɗin kamar mai shirin kokawa. Makau ya ce ya sassauta hannu, ya matsa baya kaɗan a kan kujera, kada ya taɓa birkin gaba, kada kuma ya saki totur ko me ya ji. Ya shiga. A taku ashirin na farko kan ya yi lilo, Tasi'u ya sauke ƙafa ɗaya ta share yashi, ya mayar da ita. Ya fita can gefe, ya juyo, ya tsaya yana kallon tayar kamar yau ya fara ganinta. Ba wanda ya ce masa ya sake, shi ya sake da kansa. Sau shida ya ƙetare, na ƙarshe ma a tsaye a kan matakai. Sista Zaliha ta buɗe kula ta ɗaga ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Ko tsaga babu.

Ta rufe kular ta ce wa Tasi'u, "Talata da ƙarfe bakwai. Kada ka makara, yaran na jira."

Tasi'u ya je ya durƙusa gaban Makau. Makau ya kama shi ya ɗaga, ya ce shi ke da neman gafara, gwiwar da ta kuje da allurar da za a sake yi wa yara duk a wuyansa suke. Tasi'u ya ce bai ga abin yafewa ba, mutum ya ba ka abin da ya fi so a ƙarƙashin gadonsa. Suna ta wannan ja-in-ja har Dabo ya tambaya ko ƙwan nan yana da mai shi, don shi bai karya ba.

Kafin su koma kan duwatsu da kwalta, Makau ya sa Tasi'u ya mayar da iskar da famfon hannu, yana ƙirga masa bugu. A makon da ya biyo Makau ya ɗaure famfo da roba a jikin kowane babur cikin huɗun. Wajen ɗaurawa ne aka ɗaga kujerar ɗaya aka ga wata 'yar jaka da ba wanda ya taɓa buɗewa, a cikinta da geji. Aka gwada shi a wata taya da Makau ya cika da kunne, allurar gejin ta wuce arba'in da biyar. Bayan gwaji na kwanaki suka tsaya a kan ashirin da takwas a kwalta, goma sha takwas a yashi, akawu ya rubuta lambobin a kwali ya manna a ƙofar sito.

Tasi'u ya ci gaba da hanyar Sunke har zuwa 2015, lokacin da aka rage fita saboda hanyoyin daji sun daina aminci. A shafinsa babu wata faɗuwa bayan ta 22 ga Maris. Hafsa ta shiga firamare. Maganarta na da ɗan jinkiri, amma ba ta fashi, kuma har yanzu ba ta amince da tsoho mai baƙin hannu ba.

Makau bai jefar da sifanarsa ba, yana dai rataye geji kusa da ita. Masu buhu suna zuwa ya cika musu ta yi dutse kamar da. Abin da ya sauya shi ne ba ya sa tiyo a bawul sai ya tambaya, "Ina za ka, kuma mi ka ɗauko?" Baƙi kan ɗauka bincike ne. 'Yan gari kuwa tun kafin su kashe inji suke ba da amsa. Tayar nan mai santsi ya ba limamin unguwarsu, wanda babur ɗinsa ba ya wuce masallaci da kasuwa, kuma ta yi masa shekara huɗu.